Ya kira ni da sunan kamfanin layina, kuɗin adashin mutane suka tafi

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Zariya, ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida, kuma ni ce uwar adashin mata 12 a unguwarmu. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, saƙo ya shigo wayata ɗauke da sunan kamfanin layina, wai lambar NIN ɗina ba ta dace da rajistar layin ba, kuma za a rufe shi cikin awa 24 idan ban gyara ba. Ban gama karantawa ba sai ga kira. Mutumin ya yi mini sallama cikin ladabi da Hausa mai kyau, ya ambaci cikakken sunana, ya ce daga ofishin kamfanin yake, zai taimaka mini in gyara ba sai na je na bi layi ba. Ya sa na latsa adireshin da ke cikin saƙon, na cika NIN da BVN da ranar haihuwata, sannan na sa lambobin katin ATM domin biyan naira 100 kuɗin gyara. Lambobi suka shigo wayata sau uku, duk na karanta masa. Kafin magariba naira 340,000 ta fita daga asusuna, kuma 240,000 a ciki kuɗin adashi ne da za a kwasa a ƙarshen wata. WhatsApp ɗina ma ya fita daga hannuna, ana ta roƙon 'yan'uwana kuɗi da sunana. Na ce wa kowa wayar ce ta samu matsala. Ban gaya wa maigidana ba, ban gaya wa matan adashi ba, banki ma kunya ta hana ni zuwa. Kwana huɗu ke nan ba na barci. Shin kamfanin layin zai biya ni, tunda da sunansa aka cuce ni? Kuma yaya zan yi da mutanen da suka ba ni amana?

Wata baiwar Allah daga Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya mayar miki da alheri, ya kuma sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwana huɗun da kika yi kina riƙe da wannan magana ke kaɗai, domin a cikin kwanakin nan katinki yana nan a buɗe, bayananki suna hannun mutumin, kuma ana ci gaba da amfani da sunanki wajen cutar danginki. Saboda haka zan fara da abin da ya kamata ki yi yau, kafin mu zo kan yadda abin ya faru.

Ki tafi bankinki da ƙafarki, ki ɗauki katin shaida da wayar, ki gaya musu abin da ya faru dalla-dalla ba tare da ragewa ba. Ki nemi a rufe katin ATM ɗin nan take, a canza lambobin sirri na manhajar banki da na tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa a waya, sannan ki rubuta ƙorafi a takarda, ki karɓi lambar shaidar ƙorafin, ki kuma nemi takardar bayanin shige da ficen asusunki wadda za ta nuna inda kuɗin suka tafi. Bankinki yana iya tuntuɓar bankin da aka tura kuɗin ya nemi a daskarar da asusun da suka shiga, kuma sau da yawa za a buƙaci rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu kafin a kai ga mayar da wani abu, don haka ki kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar. Ba zan ɓoye miki ba, masu wannan sana'a ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya: suna rarraba su zuwa asusai daban-daban, su cire a wajen masu POS cikin 'yan sa'o'i, kuma bayan kwana huɗu damar dawo da kuɗin ta ragu ƙwarai. Duk da haka ki je, domin rufe ƙofar da suka shigo ta ita wajibi ne ko da sisi bai dawo ba, kuma duk kuɗin cinikin da mai sayen atamfa zai turo miki gobe yana cikin haɗari muddin katin yana aiki. Idan makonni biyu suka wuce bankin bai ce miki komai ba, kina da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, kuma lambar shaidar ƙorafin nan ita za su fara tambayarki.

Batun WhatsApp ya fi sauƙi, tunda layin yana hannunki har yanzu. Ki sake shiga manhajar da lambarki, za a turo miki sabbin lambobi shida ta saƙon tes, kuma da zarar kin shigar da su za a fitar da wancan mutumin daga asusun. Idan ya riga ya kafa nasa lambar sirri ta mataki na biyu, manhajar za ta sa ki jira kwana bakwai kafin ki samu shiga, amma shi ma an riga an kore shi a tsawon wannan jira. Kafin ki yi wannan ma, ki ɗauki waya ki kira 'yan'uwanki da ƙawayenki da abokan cinikinki da murya, ki ce musu an sace asusunki, kada wanda ya tura ko kwabo. Maganar cewa waya ta samu matsala ba ta kare kowa, domin ƙanwarki da ta ga saƙo da hotonki ana cewa kina asibiti za ta tura kuɗi ne saboda ƙaunar da take yi miki.

Yanzu bari mu duba yadda aka yi miki, domin na lura kina ɗaukar kanki a matsayin wadda ta yi wauta, alhali an gina tarkon ne a kan wani tsoro na gaskiya. Tun a watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar NIN, a watan Afrilu na 2022 aka hana miliyoyin layuka yin kira, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa na 14 ga Satumba, 2024, kuma duk wanda ya ga cunkoson da aka yi a ofisoshin kamfanonin sadarwa a ƙarshen watan Yuli na 2024 ya san cewa rufe layi abu ne da ya faru da mutane da yawa. Mace irinki, wadda cinikinta da alat ɗin bankinta da zumuncinta duk suke rataye a lamba ɗaya, idan aka ce mata saura awa 24, dole gabanta ya faɗi. Ɗan damfara ya san wannan sarai, shi ya sa ya haɗa miki abu biyu a lokaci guda, barazana a cikin saƙo da kuma muryar mai taimako a waya, ya kira ki tun ba ki gama karatu ba domin kada ki samu sararin shawara da kowa.

Sunan kamfanin da kika gani a saman saƙon ba shaida ba ne. Masu tura saƙonni da yawa ta intanet suna iya sanya sunan da suka ga dama a gurbin mai aikowa, har wani lokaci saƙon ƙarya ya faɗa cikin jerin saƙonnin gaskiya da kamfanin ya saba turo miki. Haka ma sunan da manhaja irin Truecaller take nunawa, mutane ne suke shigar da shi, kuma mai niyyar cuta yana iya sa wa lambarsa sunan ofishin kula da abokan hulɗa. Sanin cikakken sunanki kuwa, wanda na tabbata shi ne ya kwantar miki da hankali, ba abin mamaki ba ne a yau. A wasu bankunan waya irin su OPay da PalmPay lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, don haka wanda ya shigar da ita kamar zai tura kuɗi zai ga sunan mai ita, ban da takardun NIN da muke barin kofensu a shagunan hoto da fom-fom na tallafi da muke cikawa ba tare da mun san hannun da za su ƙare ba.

Shafin da kika cika kuma kwaikwayo ne. Launin kamfani da tambarinsa kowa yana iya kwafa, abin da ba a iya kwafa shi ne ainihin adireshin. Shafin MTN a Najeriya mtn.ng ne, na Airtel airtel.com.ng, na Glo gloworld.com, kuma abin dubawa shi ne kalmar da ta zo a ƙarshen adireshin kafin alamar karkataccen layi (/) ta farko. Ɗan damfara zai sa sunan kamfanin a farko ko a tsakiya, ya ƙara masa kalmomi irin su NIN ko kyauta, sannan ya ƙare da wani baƙon suna, ko kuma ya gajarta adireshin gaba ɗaya yadda ba za a gane inda ya nufa ba. Amma a ganina bai kamata a ɗora wa mutane nauyin tantance adireshi a ƙaramin allon waya cikin firgici ba. Abin da ya fi tsaro shi ne kada ki shiga shafin kamfanin layi ko na banki ta adireshin da aka turo miki, ko da kuwa ya yi kama da na gaskiya.

Naira 100 ɗin nan ita ce ƙugiyar. An zaɓi ƙaramin kuɗi ne domin kada ki yi tunani sau biyu, alhali abin da ake nema shi ne dogayen lambobin gaban katin, da ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun da ke bayansa. Da waɗannan ya fara cirar kuɗi a intanet, sai bankinki ya turo miki lambar tabbatarwa domin ya ji ko ke ce, ke kuma kika karanta masa. Biyu daga cikin lambobin ukun na banki ne, ta ukun kuma ta WhatsApp ce. Ki lura da wannan da kyau, domin a nan maganar take: duk abin da mutumin ya tara a kanki, suna da NIN da BVN da lambar kati, bai ishe shi ya kammala cirar ba sai da kika ba shi lambar da ta shigo wayarki. An ƙirƙiri lambar ne domin ta zama abin da ke kaɗai kike gani, kuma babu ma'aikacin kamfanin layi ko na banki da aikinsa yake buƙatar ki karanta masa ita a kiran da shi ya yi miki. Kamfanin layi ba shi da hurumi da katin ATM ɗinki, ba ya karɓar kuɗi domin haɗa layi da NIN, kuma idan rajistarki tana da matsala ta gaske, ofishinsa ko wurin wakilinsa za a ce ki je a ɗauki hotonki da zanen yatsunki.

Ga ɗabi'ar da nake so ki riƙe daga yau, kuma ki koya wa duk wanda yake gidanki. Duk wanda ya kira ki ya ce daga kamfanin layi yake, komai ladabinsa, ki ce masa kin ji, ki kashe wayar, sannan ki kira 300 da kanki. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni, ta yadda 300 ita ce ta ofishin kula da abokan hulɗa, *310# ta duba kuɗin waya, *996# kuma ta duba ko layinki yana haɗe da NIN. Da kin danna wannan ta ƙarshen a ranar Alhamis, da cikin minti ɗaya kin ga matsayin layinki da idonki. Na san tarbiyyarmu tana sa mu ji nauyin katse mutumin da ya yi mana sallama, musamman mu mata idan namiji ne yake magana da muryar hukuma, amma ma'aikacin gaskiya ba ya asarar komai idan kika ce za ki kira ofis da kanki, wanda kuma ya dage cewa kada ki kashe, ko ya ce layin zai rufe kafin ki gama, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. Idan kika kai wa kamfanin ƙorafi bai saurare ki ba, lambar NCC ta kyauta ita ce 622.

Kada ki zaci da wannan fuska kaɗai suke zuwa. Akwai saƙon da yake yawo a zaurukan WhatsApp cewa kamfani kaza yana rabon data kyauta saboda murnar cika shekaru, a latsa nan a tura wa zauruka goma, akwai na cewa lambarki ta ci gasar miliyoyi sai dai ki biya kuɗin fito da kyautar, kuma Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai wanda ya fi waɗannan wayo, inda mai kira zai ce ana gyaran sabis a yankinku, ki danna wasu lambobi da suka fara da **21* sannan wata lambar waya ta biyo baya. Wannan umarni ne na karkatar da duk kiran da aka yi miki zuwa wayarsa, daga nan sai ya nemi WhatsApp ya karanto lambar tabbatarwa ta hanyar kira, ta faɗa kunnensa. Ki danna ##002# a wayarki yau, zai soke duk wata karkatarwa da aka saka, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Akwai kuma haɗarin da ya shafe ki kai tsaye saboda bayanan da kika cika, wato a yi amfani da su a nemi sabon sim da lambarki, abin da mutane suke kira walkam bak. Ƙa'ida ta tanadi a tantance mai layi kafin a yi wannan, amma ana samun masu bi ta bayan fage, kuma wanda ya mallaki lambarki ya mallaki duk saƙon da banki zai turo. Alamarsa ita ce sabis ya ɗauke a wayarki gaba ɗaya alhali na kusa da ke masu layi iri ɗaya suna da shi. Idan kika ga haka kada ki zauna jiran ya dawo, ki ari waya ki kira bankinki a tsayar da asusun, sannan ki nufi ofishin kamfanin. Ki tambayi bankin tun yanzu lambar da ake dannawa a kowace waya domin rufe asusu cikin gaggawa, ki rubuta ta a takarda ki ajiye. Haka kuma ki sa wa sim ɗinki lambar sirri daga saitin waya domin ko an sace wayar kada a iya amfani da shi, sai dai ki kula, kuskure sau uku yana kulle sim ɗin har sai an shigar da lambar PUK da ke jikin katin da ya zo da shi. WhatsApp ma idan ya dawo hannunki ki kafa masa taki lambar sirri ta mataki na biyu.

Wani gargaɗi da ba na so ya wuce ki: wanda aka cuta sau ɗaya sunansa yana shiga jerin waɗanda za a sake nema. Kada ki yi mamaki idan cikin makonnin nan wani ya kira ya ce shi jami'in EFCC ne ko na banki, an kama ɓarawon, ki tura kuɗin buɗe fayil a mayar miki da naki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata riga, suna neman cin moriyar zafin asarar da kike ji.

Game da tambayarki ko kamfanin layin zai biya ki, amsar da zan ba ki ba mai daɗi ba ce. Kamfanin bai kira ki ba, sunansa aka ara, kuma kuɗin sun fita ne da lambar tabbatarwar da aka turo wayarki, don haka da wuya a ɗora masa ko bankin alhakin biya. Da a ce an sauya sim ɗinki ne ba da saninki ba, da sai a ce akwai tambayar da kamfanin zai amsa. Mai laifin shi ne wanda ya kira, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta ambaci irin wannan yaudara ƙarara, ta tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya ko duka biyun. Ki ajiye saƙon, da lambar da ta kira ki, da lokacin kiran, da alat-alat ɗin fitar kuɗin, kada ki goge komai saboda ɓacin rai. Ki kai wa kamfanin lambar, domin ko ba ki samu kuɗinki ba, rahotonki yana iya sa a rufe layin da ake cutar wasu da shi a wannan makon.

Saura maganar da na san ita ce take hana ki barci. Ki gaya wa maigidanki yau da dare, kafin ya ji a bakin ɗan'uwan da aka roƙa kuɗi da sunanki, domin jin ta bakin wani zai fi masa ciwo fiye da asarar kanta. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, ki nuna masa saƙon, ki nemi ya raka ki banki da ofishin 'yan sanda. Mai yiwuwa ya yi faɗa a farko, wannan ba abin mamaki ba ne, amma kina buƙatar mutum a gefenki a kwanakin da ke tafe.

Matan adashi kuma kada ki bari sai ranar kwasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wadda za ta ɗauka a ƙarshen watan nan ta riga ta tsara abin da za ta yi da kuɗinta, wataƙila kuɗin makaranta ne ko kayan ɗakin 'ya, don haka haƙƙinta ne ta sani da wuri. Ki fara zuwa wajenta ita kaɗai, sannan ki tara sauran, ki nuna musu takardar banki da rahoton 'yan sanda domin kada zargi ya samu wurin zama, ki kuma zo da tsarin biya da kika san za ki iya cikawa, ko da kaɗan-kaɗan ne daga ribar atamfa, maimakon alkawarin da zai sa ki ci bashi mai ruwa a manhajojin ba da rance. A fiƙihu mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan an samu sakaci daga gare shi, kuma ko karanta wa baƙo lambar banki ya shiga sakaci ko bai shiga ba, magana ce da ya dace ku kai gaban malamin da kuka yarda da shi. Ra'ayina dai shi ne ki nuna niyyar biya tun kafin a tambaye ki, domin sana'arki da mutuncinki a unguwa sun fi naira 240,000 daraja, kuma idan wasu daga cikinsu suka ga dama suka yafe wani kaso, wannan alherinsu ne.

Idan matan suka amince ki ci gaba da riƙe musu adashin, ki buɗe masa asusu na daban wanda ba shi da katin ATM kuma ba a haɗa shi da lambar da kike ba abokan ciniki ba, ki sa ɗaya daga cikinsu ta riƙa ganin shige da ficensa tare da ke. A zaman da za ku yi kuma ki karanta musu saƙon da aka turo miki kalma bayan kalma, ki sa kowace ta danna *996# da ##002# a wayarta kafin a tashi, domin lambobinsu suna cikin WhatsApp ɗin da mutumin ya riƙe kwana huɗu, kuma su ne zai kira a gaba.